Ƙaton Babur Da Zirga-zirgar Cikin Gari: Lissafin Da Ba Ya Fita

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na shekarar 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, duk wani mai mota a Nijeriya ya koma ɗalibin lissafi. Litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta doshi Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen shekarar 2024 ta haura Naira 1,000 a gidajen mai da dama. Ma'aikata da 'yan kasuwa masu yawa sun jingine motocinsu, waɗansu sun sayar, waɗansu kuma suka fara tunanin komawa kan taya biyu. Daga cikin masu wannan tunani akwai wani rukuni na masu ɗan hali, waɗanda suke ganin hawa ƙaramin babur irin na 'yan acaɓa bai dace da matsayinsu ba. Idanunsu suna kan manyan baburan nan na doguwar tafiya, masu gilashin gaba da akwatunan gefe da kujera kamar ta falo, waɗanda akan gani a jere a Lekki ko a Maitama ranar Asabar da safe, jama'a suna kiransu fawa-baik.

Hujjar da suke kafawa tana da daɗin ji. Sukan ce babur dai babur ne komai girmansa: ba ya shan mai kamar mota, yana ratsa cunkoso, ba ya neman babban wurin ajiya, ga shi kuma mai shi yana fita da kwarjininsa. Tambayar da ya kamata a tsaya a kanta ita ce ko irin wannan babur ya dace da zuwa ofis da kanti da kasuwa kullum safiya a garuruwa irin su Legas da Ibadan da Fatakwal da Anaca. Amsar da lissafi yake bayarwa ita ce bai dace ba, in ban da waɗansu 'yan wurare ƙalilan da za a ambata nan gaba. Dalili kuwa shi ne, a cikin gari wannan babur yana zubar da fa'idodin da aka san babur da su, ba tare da ya sami ko ɗaya daga cikin fa'idodin mota ba.

Kafin a shiga alkaluma, yana da kyau mai karatu ya san aikin da aka ƙera wannan na'ura dominsa. Asalinta daga manyan hanyoyin Amurka ne. A shekarar 1956 gwamnatin Shugaba Eisenhower ta kafa dokar shimfiɗa titunan da suka haɗa jihohin ƙasar, masu tsawon kimanin kilomita 66,000, inda mutum zai yi awa biyar yana tafiya bai taka birki ba. Waɗannan tituna su ne suka haifar da kasuwar babur mai nauyi da kujera mai laushi. Kamfanin Harley-Davidson ya fito da samfurin Electra Glide a shekarar 1965, shi kuma Honda ya fara sayar da Gold Wing a shekarar 1975, kuma saboda a Amurka masu sayensa suka fi yawa, kamfanin ya shafe kusan shekaru talatin yana ƙera shi a jihar Ohio kafin ya mayar da aikin Japan. A Jamus ma BMW ya gina nasa manyan baburan ne da tunanin titunan ƙasar masu faɗi da santsi.

Gold Wing na wannan zamani, wanda aka sake wa fasali a shekarar 2018, yana da inji mai silinda shida da girman cc 1,833, wato ya fi injin ƙananan motoci da yawa da ake gani a titunan Nijeriya. Nauyinsa yana tsakanin kilo 365 da 390 gwargwadon kayan da aka ɗora masa, daidai da buhun shinkafa bakwai da ɗoriya. Tsawonsa ya kai mita biyu da rabi, faɗinsa ya haura santimita 90, tazarar da ke tsakanin cikinsa da ƙasa kuwa santimita 13 ce kacal. Tun a shekarar 1988 kamfanin ya sanya masa giyar ribas. Babur ɗin da sai an yi masa ribas kafin mai shi ya iya fitar da shi daga inda ya ajiye, ai ya riga ya faɗi nauyinsa da bakinsa. A ɗaya gefen, Bajaj Boxer mai cc 100, wanda ya zama jakin garuruwan Nijeriya, nauyinsa bai kai kilo 120 ba.

Nauyi alheri ne a kan buɗaɗɗiyar hanya. Shi ne yake hana iskar tirela ta jijjiga mahayi, shi ne kuma yake sa babur ya zauna daram idan gudu ya kai kilomita 120 a awa. Amma abin da yake riƙe babur a tsaye shi ne tafiya, don haka da zarar gudu ya sauko zuwa na mai tafiya a ƙasa, nauyin nan gaba ɗaya sai ya koma kan ƙafafun mahayi. A Oshodi ko Mile 2 ko hanyar Apapa, inda mutum zai tsaya ya tashi sau ɗari kafin ya cinye kilomita biyar, kowace tsayawa tana bukatar ya sa ƙafa a ƙasa mai yashi ko caɓi ko malalar baƙin mai. Idan ƙafar ta zame, babu ƙaton da zai tare kilo 380. Mai Boxer idan ya faɗi yakan ɗaga abinsa ya kaɗe wandonsa ya wuce. Mai ƙaton babur kuwa sau da yawa sai ya nemi taimakon masu wucewa, sa'an nan ya koma gida ya duba abin da ya fashe a jikin robar da ta lulluɓe babur ɗin, wadda ba a samunta a kantin unguwa.

Batun ratsa cunkoso, wanda shi ne babban abin da ke jan hankalin masu saye, nan ne hujjar ta fi rauni. Ɗan acaɓa yana wucewa tsakanin danfo da tanka ne saboda babur ɗinsa siriri ne, gajere, yana juyawa a wuri kaɗan, kuma in ta kama yakan haye gefen kwalbati ya sauka. Akwatunan gefe na babban babur suna zaune ne daidai inda gefen mota yake, tsawonsa kuma ba ya barinsa ya yi lanƙwasar da ake bukata tsakanin layi da layi. Saboda haka yakan ƙare a cikin layin motoci yana jira kamar kowa, sai dai shi babu rufi a kansa, babu na'urar sanyaya ɗaki, kuma a tsakanin cinyoyinsa akwai inji mai fitar da zafi. An tsara waɗannan injuna ne da zaton iskar tafiya za ta riƙa kwashe zafin. Masu lagireto suna dogara ga fanka idan an tsaya, ita kuma fankar kan hura zafin a ƙafafun mahayi. Su kuwa masu sanyaya da iska, kamar yawancin na Harley-Davidson, har sai da kamfanin ya sanya musu dabarar kashe silindar baya idan babur ya daɗe a tsaye. Wannan a ƙasashen sanyi ke nan. Mai karatu ya ƙiyasta yadda abin zai kasance da ƙarfe biyu na rana a watan Maris a Legas, ga mutum sanye da hular kwano da rigar kariya mai kauri.

Ga kuma yanayin titunan kansu. Santimita 13 ba ta isa ga ramukan da damina take bari ba, balle tuddan rage gudu da mazauna unguwanni suke ginawa da siminti yadda suka ga dama. Ruwan da yake kwanciya a titunan Legas a watannin Yuni da Yuli yana ɓoye ramin da ke ƙarƙashinsa, kuma babur mai cike da wayoyin lantarki da kwamfuta ba ya shiri da ruwa. Gajerun tafiye-tafiye su ma suna da tasu ɓarnar: kuloci yana cinyewa saboda yawan kamawa da saki, batir ba ya samun isasshen caji, bakin mai yana gurɓacewa da wuri.

Sai dai duk waɗannan wahalhalu ne na jiki, kuma mai sha'awa yana iya cewa ya ji ya gani. Inda maganar ta fi nauyi shi ne aljihu. Kamfanin Honda da kansa ya ƙiyasta cewa Gold Wing yana shan kimanin lita 5.5 a kowace kilomita 100, wato kusan kilomita 18 a lita guda, kuma a cikin cunkoso abin yakan fi haka muni. A ɗauki misalin ma'aikacin da yake tafiyar kilomita 30 a rana, kwana 26 a wata, jimla kilomita 780. A ƙaddara cewa ƙaramar motarsa tana yin kilomita 11 a lita, ƙaramin babur kuma yana yin 50, ana sayen lita a kan Naira 900. Motar za ta sha lita 71, kimanin Naira 64,000 a wata. Babban babur zai sha lita 43, kimanin Naira 39,000. Ƙaramin kuwa lita 16 ta ishe shi, kimanin Naira 14,000. Ashe abin da mai babban babur ya tsira da shi idan aka gwada da mota bai wuce Naira 25,000 a wata ba, wato Naira 300,000 a shekara. Wannan ita ce ribar gaba ɗaya, kuma a kanta ne za a ɗora duk sauran kuɗaɗen da ke tafe.

Na farko shi ne jarin da aka daskarar. Sabon Gold Wing a Amurka yana farawa ne daga kusan Dala 25,000, mai cikakken kaya kuma ya haura Dala 30,000. A canjin Naira 1,500 ga Dala guda, wanda aka gani a shekarun 2024 da 2025, mafi arha ya tashi a kan Naira miliyan 37 da rabi, tun ba a yi maganar kuɗin jirgin ruwa da na kwastan ba. Galibin masu saye a nan ba sabo suke saya ba, na hannu ne da aka shigo da su ta Apapa ko ta Kwatano, saboda haka a sassauta a ce mutum ya sami nasa a kan Naira miliyan 10. Masana tattalin arziki suna da wata ƙa'ida mai sauƙi: tsadar abu ba ta tsaya ga kuɗin da aka biya ba, ta haɗa da abin da kuɗin zai kawo da an sa shi a wani wuri. A shekarar 2024 ribar takardun lamunin gwamnati na shekara guda ta haura kashi 20 cikin ɗari. Wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa yana iya aunawa da Sukuk, wadda Gwamnatin Tarayya ta fara fitarwa a shekarar 2017 don gina hanyoyi, ko kuma da ribar da jarin zai juya masa a kasuwar Mile 12 ko Alaba. Ko da an rage an ce kashi 15 cikin ɗari, Naira miliyan 10 tana kawo Naira miliyan ɗaya da rabi a shekara. Idan aka raba wannan a kan kilomita 9,360 da ma'aikacin nan yake yi a shekara, kowace kilomita tana cin Naira 160 ta wannan fuska kaɗai, alhali man motar da ake kuka da shi kimanin Naira 82 ne a kilomita. Mutumin ya gudu daga Naira 82 ya faɗa wa Naira 160, kuma ba zai ji zafinta ba saboda babu mai gidan man da zai miƙo masa hannu a kanta.

Na biyu shi ne inshora. Mai hankali ba zai hau dukiyar Naira miliyan 10 ya shiga tsakanin danfo da Keke Napep da inshorar kare wani kaɗai ba. Bisa ga ƙa'idar da Hukumar Kula da Harkokin Inshora ta Ƙasa ta fara aiki da ita a watan Janairu na shekarar 2023, cikakkiyar inshorar abin hawa ba ta gaza kashi 5 cikin ɗari na darajarsa ba. Wannan Naira 500,000 ke nan a shekara, kuma ita kaɗai ta haɗiye ribar man ta nemi ƙari.

Na uku shi ne gyara, kuma nan ne bambancin kasuwa mai faɗi da kasuwa mai ƙunci yake fitowa sarari. Ƙaramin babur yana da rundunar da take bayansa. Daga kasuwar Nkwo da ke Nnewi, wadda ta daɗe tana zama cibiyar kayan gyaran babura a ƙasar nan, safaya tana isa kowane lungu, daga Sabon Ibadan har Sabon Garin Kano. Kowace unguwa tana da bakanikenta, gasar da ke tsakaninsu kuma ita take danne farashi. Babban babur ba shi da wannan gata. Tayarsa ta baya, wadda faɗinta ya kai milimita 200, ba ta shiga wani abin hawa, mai faci na bakin titi bai saba da ita ba, kuma ba ta daɗewa kamar tayar mota. Injinsa yana bukatar na'urar bincike ta kwamfuta. Waɗanda suka iya wannan aiki 'yan kaɗan ne, yawancinsu a Legas da Abuja, kuma duk inda masu sayarwa suka yi ƙaranci su ne suke yanka farashi. Kusan kowane ƙarfe da za a canja sai an yi odarsa da Dala, an jira makonni, an biya kwastan a kan canjin ranar. Wanda ya dogara ga wannan babur don zuwa aiki kullum zai iske kansa a cikin motar haya duk lokacin da wani ɗan ƙaramin abu ya lalace. Ingancin mai ma abin dubawa ne. Gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin metanol da ya shigo ƙasar nan a watan Fabrairu na shekarar 2022 ya lalata injunan motoci da dama, kuma inji mai tsada ya fi kowane jin jiki a irin wannan hali. Wanda ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa.

Abin lura a nan shi ne hukuncin da masu ƙera babur ɗin da kansu suka yanke. Kamfanin Honda ya kafa reshensa a Nijeriya tun shekarar 1979, yana harhaɗa babura a Ota ta Jihar Ogun. Da ya tashi fito da samfurin da ya dace da wannan kasuwa a shekarar 2011, Ace CB125 ya fitar, ƙarami mai sauƙin gyara. Kamfanin da ya san Gold Wing ciki da waje bai ga dalilin harhaɗa shi don titunan Sango da Agege ba.

Duk da haka, masu goyon bayan babban babur suna da hujjoji uku da bai kamata a yi watsi da su ba, kuma mafi ƙarfinsu gwamnati ce ta ba su ita. A shekarar 2006 aka hana acaɓa a tsakiyar birnin Abuja. A watan Janairu na shekarar 2013 Jihar Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur. Dokar hanya ta Jihar Legas ta shekarar 2012 ta haramta wa babura hanyoyi 475, ta kuma sanya sharaɗin cc 200 ga baburan kai saƙo. A watan Fabrairu na 2020 aka tsananta haramcin, abin da ya durƙusar da harkar ɗaukar fasinja ta kamfanoni irin su Gokada, sa'an nan daga ranar 1 ga watan Yuni na 2022 aka hana acaɓa ɗungurungum a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, aka murƙushe babura fiye da 2,000 da aka kama. Hausawa mazauna Legas sun san zafin wannan mataki fiye da kowa, domin da yawa daga cikin waɗanda suka rasa jarinsu 'yan'uwansu ne. Sakamakon haka shi ne, babur ɗin da ya fi dacewa da gari shi ne jami'an tsaro suka fi tarewa, ko da na hawan kai ne, shi kuwa babba yakan wuce ba a ce masa uffan ba. Doka ta karkatar da kasuwa, ta tura mai saye zuwa ga abin da ya fi bukatarsa girma. Wannan gaskiya ce. Sai dai tsakanin cc 200 da cc 1,800 akwai tazara mai nisa, kuma doka ba ta ce a tsallake ta gaba ɗaya ba.

Hujja ta biyu ita ce kariya. Manyan babura suna da birki mai hana taya daskarewa, fitilu masu ƙarfi, kuma direbobi sun fi ganinsu. Gold Wing ma yana da jakar iska ta kariya tun shekarar 2006. Wannan ma haka yake. Amma irin wannan birki yanzu ya sauko zuwa matsakaitan babura, kuma inji mai ƙarfin doki fiye da 120 a hannun wanda bai goge ba, a titin da mai talla ko ɗan makaranta zai iya faɗowa kowane lokaci, haɗari ne a kan kansa. Mutumin da bai taɓa mallakar babur ba, ya fara da mai kilo 380 don kawai yana da kuɗinsa, ya ɗauki kasadar da inshora ba ta biya.

Hujja ta uku ta 'yan kasuwa ce. Sukan ce kayan da aka saya da Dala ma'ajiyar dukiya ne, kuma wanda ya sayi babur ɗinsa kafin a saki Naira a watan Yuni na 2023, lokacin da canjin hukuma yake wajen Naira 460, ya ga darajarsa ta ninka a takarda. Haka ne, amma ribar takarda sai an sami mai saye take zama kuɗi. Mai Toyota Corolla ko Boxer idan matsi ya taso yana iya sayarwa kafin la'asar. Mai ƙaton babur sai ya jira wani daga cikin 'yan tsirarun da suke da kuɗin da sha'awar a lokaci guda, su kuma sun san yana cikin matsi. Dukiyar da ba ta sayuwa ranar bukata rabin dukiya ce, kuma hawanta kullum a cikin cunkoso, da ƙarce da faɗuwar da ke tattare da haka, shi ne hanya mafi sauri ta zaftare darajar da ake tinƙaho da ita.

Akwai waɗanda lissafin yake yi wa sassauci. Mazaunin Kubwa ko Gwagwalada da yake shiga tsakiyar Abuja kullum a kan manyan titunan da aka faɗaɗa, ko wanda harkarsa take kai shi Ibadan daga Legas sau biyu a mako a kan hanyar nan mai kilomita 127, yana amfani da babur ɗin a kusa da aikin da aka yi shi dominsa. Yawan kilomita yana rarraba nauyin jarin, gilashin gaba da kujerar suna biyan kuɗinsu, injin yana samun iskar da yake so. Haka nan 'yan rakiyar manyan jami'ai, waɗanda jiniya take share wa hanya kuma baitulmali yake biya wa gyara. Sai dai a faɗi gaskiya, hanyoyin da suka dace da wannan babur a ƙasar nan ba su da yawa, kuma waɗansu daga cikinsu matsalar tsaro ta sa tafiya a kansu mutum shi kaɗai a fili ta zama abin tunani biyu.

Ko a doguwar tafiyar ma, girma ba shi ne sharaɗi ba. A shekarar 2022 wani ɗan Nijeriya, Kunle Adeyanju, ya taso daga Landan ranar 19 ga watan Afrilu ya iso Legas ranar 29 ga watan Mayu, a wani yunƙuri na tara gudummawar yaƙi da cutar shan-inna. Ya ratsa Turai da hamadar Sahara da ƙasashen Afirka ta Yamma a kan Honda CB500X, babur mai cc 471 wanda nauyinsa yake wajen kilo 200, kusan rabin Gold Wing. Idan matsakaicin babur ya isa ya kawo mutum daga Ingila, da wuya a ce bai isa ya kai shi daga Agege zuwa Obalende ba. Rukunin da ke tsakanin cc 200 da cc 500 ya tsallake sharaɗin doka, yana iya gudun babbar hanya, yana shiga tsakanin motoci, mutum ɗaya yana iya ɗaga shi, man da yake sha kuma bai kai na babban ba. A nan ne giɓin kasuwa yake. Masu harhaɗa babura a Ota da Nnewi da Legas sun fi mayar da hankali ga ɗan acaɓa da ɗan kai saƙo, alhali ma'aikacin da ya ajiye motarsa yana neman abin da zai hau ba tare da an ɗauke shi ɗan haya ba. Kamfanin da ya fara cike wannan giɓi da samfuri mai kyan gani, tare da safaya a kowace babbar kasuwa, zai sami masu saye suna jiransa.

Saura batun sha'awa, wadda ita ce ainihin abin da yake tura yawancin masu saye, ko da sun fake da tsadar mai. Tun a shekarar 1899 masanin tattalin arzikin nan na Amurka, Thorstein Veblen, ya yi bayanin irin kayan da ake saya don a gani. Bahaushe bai jira Veblen ba. Ya daɗe da sanin bambancin ingarman da ake kiwo don hawan Salla da jakin da yake kai taki gona, kuma bai taɓa zargin mai ingarma da wauta ba, muddin yana da geron ciyar da shi. Abin da ba a taɓa gani ba shi ne mutum ya sayar da jakinsa ya ce ingarma zai riƙa ɗora wa mangala don ya rage kashe kuɗi. Wanda yake da mota a gida da rarar kuɗi, yana son ya fita Abeokuta ko Lokoja tare da abokansa a ƙarshen mako, babu mai ce masa don me. Sai dai ya rubuta kuɗin a shafin nishaɗi, kada ya rubuta a shafin sufuri. Wanda abin yake shafa shi ne magidancin da zai sayar da motar iyali, ya ƙara da bashi ko da jarin kantinsa, ya sayi abin da ba zai kai yara makaranta ba, ba zai kai mai naƙuda asibiti ba, ba ya fita ranar ruwan sama, yana zaton tattali yake yi.

Dillalan waɗannan babura sun saba ba mai saye damar gwadawa ranar Asabar ko Lahadi da safe, a kan titin da babu kowa, inda injin yake nuna duk abin da ya iya. Mai niyyar hawa kullum ya nemi a ba shi ranar Litinin da ƙarfe bakwai, ya taso daga Agege ya bi ta Oshodi ya nufi Apapa, ya kuma dawo da yamma. Kafin ya biya, ya sa dillalin ya rubuta masa a takarda farashin tayar baya da na kuloci a Naira, da yawan kwanakin da za su ɗauka kafin su iso, da unguwar da bakaniken da zai ɗaura su yake.